Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma Halin Malami Yana Hanawa

 Yau maganar malaman da ke koyar da manya za mu yi, kuma daga gidanmu zan fara.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta haura shekara hamsin, kayan miya take sayarwa a kasuwar Dole. Wani rani aka buɗe ajin karatun manya a unguwarsu, ta je aka rubuta sunanta. Dalilinta ɗaya ne. Ɗanta yana aiko mata da kuɗi daga waje, in saƙo ya shigo salula sai ta nemi yaron maƙwabta ya karanta mata, kafin magariba unguwa duka ta san nawa aka aiko. Ta sayi kaye da bik da kuɗinta, kullum bayan azahar ta bar wa jikarta tsaron kaya ta tafi. Sati uku ta yi ta daina. Na tambaye ta, ta ce ƙafa ce ke mata ciwo. Sai daga baya gaskiya ta fito. Malamin ajin, yaro ne sa'an ɗanta na uku, ya ɗaga kayenta sama ya nuna wa aji, ya ce ku dubi wannan, kamar kaza ta taka tawada. Aka kwashe da dariya, cikin masu dariyar har da matar ɗanta. Ta ce min: "Ɗana, na yi shekara hamsin ban iya karatun boko ba, ba wanda ya taɓa yi min dariya. Ban ga abin da zai sa in je in sayo ta da kuɗina ba."

To jama'a, tun ranar nake juya maganar nan. Duk shekara haka muke gani. A buɗe aji bayan kaka, rumfa ta cika har wasu na tsaye, kafin ruwa ya sauka waɗanda suka rage ba su cika tabarma biyu ba. In an zo bayani sai a ce mutanenmu ba su son ilimi, mata aiki ya yi musu yawa, maza sun tafi cirani. Duk akwai gaskiya a ciki. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba kasafai ake juyawa a dubi mutumin da ke tsaye gaban allo da alli a hannu ba. Ni kuwa ra'ayina, a ajin manya halin malami shi ne darasin farko, kuma shi ke yanke ko za a yi na biyu.

Dalili kuwa a fili yake. Yaro a lakwal ba shi da zaɓi. Ko mushe ya zage shi, ko ya makara, ko ya zo ya zauna yana danna waya har a tashi, gobe uban yaron zai koro shi ya dawo. Babba kuwa da ƙafarsa ya zo, da ita zai koma, kuma ba zai yi maka sallama ba. Ba zai yi gardama da kai ba, ba zai kai ƙararka ba. Zai dai ce ƙafa ke masa ciwo.

Ku duba abin da babba yake biya kafin ya zauna a kan tabarmar nan. Ɗan kabu-kabu ya ajiye babur awa biyu, kuɗin cefane ne ya bari. Baduku ya rufe rumfa. Matar aure ta bar layin famfo, kuma duk wanda ya zauna garin nan da bazara ya san abin da barin layin ruwa yake nufi. Kafin ta fito sai da ta nemi izinin maigida, ta jure habaicin kishiya da na maƙwabta masu cewa tsofai-tsofai da ita za ta koma lakwal. Abin da ya fi duka tsada, ta yarda ta bayyana a gaban mutane cewa akwai abin da ba ta sani ba. Mutumin da ya biya wannan farashi, in ya tarar da malami mai wasa da aikinsa, wallahi ba shi da laifi in ya naɗe tabarmarsa.

Karatun manya ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun kafin Nasara ya shigo Damagaram a 1899, magidanta masu furfura suna zama a zaurukan malamai suna ɗaukar karatun littattafai, kuma har gobe ana yi. Wanda ya taɓa zama a irin zauren nan ya san yadda abin yake: kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya, malami ba ya kunyata mai tambaya, kuma almajirai suna kallon yadda yake zama, yadda yake karɓar baƙo, yadda yake cewa ban sani ba in bai sani ba. Labarin mahaifiyar Imamu Malik sananne ne, da ta tura shi wurin malaminsa Rabi'a ta hore shi ya fara ɗaukar ladabin malamin kafin iliminsa. A Sakkwato kuma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta tashi kai ilimi ga matan karkara ta hanyar 'Yan Taru, ba kowace mace ta ɗauka ta ba jagoranci ba. Dattijai masu kamun kai ake zaɓa a naɗa su jaji, a sa musu malafa, don kowa ya san wannan an yarda da ita. Ta san in mai kai saƙo ba ta da mutunci a idon gari, saƙon a bakin ƙofa zai tsaya.

A ɓangaren boko ma muna da tarihi. Bayan samun 'yancin kai, a 1963 gwamnatin Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci da karatun manya. A 1966 aka yi taron Bamako ƙarƙashin UNESCO, inda aka daidaita baƙaƙen rubuta harsunanmu, har da Hausa da Barbarci. A shekarun nan ne manoman gyaɗa na yankin Matamaye da Magarya suka fara riƙe kasuwannin ƙungiyoyinsu da kansu, sai ya zama dole a samu ɗan gari da ya iya karanta sikeli ya rubuta nauyin buhu, don kada a cuci kowa a awo. Aka riƙa buga 'yan jaridun Hausa saboda sababbin masu karatu, irin su Ganga da Muryar Damagaram. A 1973, a nan unguwar Zango aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar nan mai fara koyar da yara da Hausa. A 1977 aka kafa cibiyar horar da jami'an yaƙi da jahilci a Yamai, wadda aka sani da CFCA, yau ta zama IFAENF. Ke nan sama da shekara 60 muna wannan aiki, amma har yanzu manyan da suka iya karatu da rubutun boko a Nijar ba su kai rabi ba. Yanzu kuma, tun watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In har maganar za ta sauka daga takarda zuwa aiki, magidanta da yawa za su nemi koyon rubuta harshen da suke magana da shi tun haihuwa. Wa zai koyar da su, kuma da wane hali?

Bari in faɗi abin da nake ganin ana bin malamin manya bashi. Ba malamin yaƙi da jahilci kaɗai nake nufi ba. Har da malamar Islamiyyar matan aure, da mai koyar da ɗinki a cibiyar mata, da mai koyar da tuƙin mota, da malamin darasin dare na masu neman BEPC ko BAC bayan sun girma, har da malamin Jami'ar André Salifou da ke da ma'aikata masu iyali a ajinsa.

Na farko lokaci. In an ce ƙarfe uku, to ƙarfe uku ta same ka a wurin, allo a goge, darasi a shirye. Malamin da ke zuwa uku da rabi yana ce wa mutane ku yi haƙuri na tsaya wani uzuri, ya koya musu darasi ɗaya tak: lokacinku ba shi da daraja. Gobe su ma za su zo huɗu saura, jibi ba za su zo ba. In uzuri ya taso, wanda ba ya wuce kan kowa, a aika tun da wuri. Yanzu kowace unguwa akwai salula.

Na biyu baki. Wanda ya haife ka ko ya yi sa'an wanda ya haife ka, zama a gabanka da kaye bai rage masa shekara ko ɗaya ba. Baba ne, Inna ce, Hajiya ce, Malam ne. Ba a kiransa da gatsal, ba a ce masa kai tashi, ba a gyara masa kuskure da tsawa. Ka matsa kusa da shi, ka rage murya, ka nuna masa. Sannan ka san al'adar mutanen da kake koyarwa. Na ga malamin da ya rubuta sunan wani mutum a allo ya ce wa wata baiwar Allah ta karanta da ƙarfi, ta yi shiru, ya yi ta matsa mata yana cewa jiya-jiya muka yi waɗannan baƙaƙe. Ashe sunan ɗanta na fari ne. Ta iya karantawa sarai, kunya ce ta hana ta faɗa. Duk matan ajin sun gane, shi kaɗai ne bai gane ba, kuma shi ne mai takardar shaida.

Na uku, ka san cewa ba kan wofi aka kawo maka ba. Ita kanta kalmar jahilci ya kamata mu yi hattara da ita. A garin nan akwai mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, ya yi fatauci har Kano da Maiduguri, sai yaro ɗan shekara ashirin ya tsaya gabansa yana ce masa mun zo fitar da ku daga duhu. Haba! Ku ɗauki lissafi. Gwaggona da dala take ƙirga kuɗi kamar kowa a kasuwa. Takardar da aka rubuta wa 500, ita ɗari take ce mata. Wadda aka rubuta wa 1000, jika ce, dala ɗari biyu. Wato kullum tana raba lamba gida biyar a kanta, tana ba da canji ba ta kuskure ko dala ɗaya. Malamin da ya san aikinsa daga nan zai fara: ya ɗauko takardar kuɗi, ya nuna mata dalilin da ya sa abin da ke rubuce ya bambanta da abin da baki ke faɗa. Cikin kwana kaɗan za ta karanta saƙon kuɗinta da kanta. Wanda bai san aikinsa ba kuwa sai ya sa ta rera ɗaya, biyu, uku kamar 'yar aji ɗaya, ta ga an mai da ita yarinya. A ƙasar Barazil, wani malami mai suna Paulo Freire ya yi suna a duniya a kan wannan. A 1963, a garin Angicos, shi da abokan aikinsa sun koyar da mutum wajen 300 karatu cikin awa 40 na darasi. Kafin su buɗe aji sai da suka zauna da mutanen garin, suka tattara kalmomin da suke amfani da su a gona da kasuwa, da su aka gina darasin.

Na huɗu sirri. Malamin manya yana ganin abin da ba kowa ke gani ba. Za a kawo masa takardar likita ya karanta, da takardar bashi, da saƙon miji, da sammacin kotu. Zai san wane mai unguwa ne bai iya sa hannu ba, wace Hajiya ce ke juya takarda a kife. In waɗannan suka zama abin hira a fada da dare ana shan shayi, to an ci amana, kuma garin nan ƙarami ne, magana ba ta kwana. Haka ɗaukar hoton mutane suna karatu a watsa a Facebook ko WhatsApp ba da izininsu ba, wai don a nuna wa masu ba da kuɗi ana aiki. Tambaye su tukuna. Wani bai gaya wa ko 'ya'yansa yana zuwa ba.

Na biyar, kuma a nan zan yi magana ba kwana-kwana: iyaka tsakanin malami da matan da yake koyarwa. Lambar wayar da aka ba ka don sanar da darasi ba ta hirar dare ba ce. Ba wasan banza, ba keɓewa, ba yabon kwalliya. Wake ɗaya ke ɓata gari. In malami ɗaya ya yi abin kunya a unguwa ɗaya, ba shi kaɗai zai biya ba. Magidanta ashirin za su hana matansu fita, unguwannin da ke kewaye su ji labari su ma su hana, a yi shekaru kafin wani ya sake yarda. Matan da ba su ji ba ba su gani ba su ne za su zauna ba karatu. Shi ya sa inda duk za a iya samun mace ta koyar da mata, a ba ta. Inda ba a samu ba, a yi ajin a fili, a sa dattijuwa ɗaya ta zama uwar aji.

Na shida gaskiya a rajista da kuɗi. Mun san ana yi: mutum goma ke zuwa, a rubuta talatin, ranar da masu duba aiki za su zo a bi gida-gida a tara mutane, har a aro waɗanda suka yi lakwal su zauna a gaba su amsa tambaya. Ɗaliban suna kallo fa. Manya ne, sun gane abin da ake yi. Ka koya musu rubuta kalmar gaskiya da safe, da yamma ka sa su yi maka shaidar zur? Haka karɓar 'yan kuɗi a kan kaye da allon da aka kawo kyauta, ko mai da aji wurin tallar jam'iyya ko ƙungiya. Wanda ya zo koyon baƙi, baƙi za a ba shi.

Na ƙarshe, malami ya zama shi ma ɗalibi ne. Yaya za ka ce wa mai shekara hamsin gemu ba ya hana ilimi, kai kuwa rabonka da buɗe littafi tun ranar da ka karɓi takardarka? Da yawa daga cikinmu da Faransanci muka yi karatu, ba a taɓa koya mana ƙa'idar rubutun Hausa ba. Sai ka ga malami bai bambanta ƙ da k ba, bai bambanta ɗ da d ba, ya rubuta kasa yana nufin ƙasa, ya rubuta Hausa da ou da ch irin na Faransanci. Ba abin kunya ba ne a ce ba a koya maka ba. Abin kunya shi ne ka ƙi koyo kana koyar da wasu. Kuma ranar da ɗalibi ya yi maka tambayar da ba ka sani ba, ka ce Baba ban sani ba, amma gobe zan zo maka da amsa, sannan goben ka zo da ita. Wannan kaɗai ya isa ya nuna masa cewa rashin sani ba ya zubar da girma.

Na san abin da malaman za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce kai mai rubutu, ka san nawa ake ba mu? Ka san wata nawa muke yi ba a biya mu ba? Gaskiya ne. Da yawansu matasa ne da ba su samu aiki ba, aka ba su horon 'yan kwanaki, aka miƙa musu alli, aka ce ga rumfar zana can. Ɗan abin da aka yi musu alkawari sai ya makara, wani lokaci furojen ya ƙare ba a cika musu ba. Ba a yi musu adalci ba, kuma wanda bai ci ya ƙoshi ba da wuya ya tsaya awa biyu yana fara'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ina roƙonsu su dubi abu ɗaya: tsohuwar da ke zaune gabanka ba ita ta riƙe maka kuɗinka ba. In za ka yi fushi, ka kai shi inda ya dace. In aikin ya gagare ka, ka ajiye shi da mutunci, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Girmama mutum da riƙe sirrinsa kuwa ba su jiran albashi.

Saura masu ɗaukar malaman, hukuma ce ko ƙungiyoyi masu zaman kansu. Ku daina ɗaukar mutum don takardarsa kawai ko don ɗan wane ne. Ku tambayi mai unguwa, ku tambayi liman, ku tambayi matan unguwar, su suka san wanda za su iya zama gabansa. A cikin horon da kuke bayarwa ku ware lokaci na musamman kan yadda ake mu'amala da babba, kada ya tsaya a kan yadda ake cika rajista. Ku biya su a kan lokaci. Masu duba aiki su riƙa zuwa ba sanarwa, kuma kada su tsaya ƙirga kawunan da ke cikin rumfa. Su nemi mutum biyu ko uku daga waɗanda suka daina zuwa, su zauna da su a gida, su tambaye su dalili a hankali. A nan za a ji abin da ba ya shiga rahoto. Maƙwabtanmu na Kano sun kafa hukumar ilimin manya ta jiha a 1980, har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. Abin da aka ba muhimmanci aka sa masa ido, yana yiwuwa.

Ku tuna kuma da matasanmu na fada da na fale, irin waɗanda Aisha Macky ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Da yawansu lakwal ce ta kore su suna yara, wasu ko shiga ba su yi ba. In ɗayansu ya haɗiye girman kai ya dawo neman karatu ko sana'a yana da shekara ashirin da biyar, ya sake cin karo da wulaƙancin da ya kore shi da farko, to ba zai dawo karo na uku ba. Inda zai koma kuwa duk mun san shi.

Gwaggona dai ta koma karatu, amma ba a ajin farko ba. Wata malama ce a bayan layinsu, mai 'ya'ya huɗu, take tara mata a tsakar gidanta bayan la'asar. Inna take ce mata. In ta yi kuskure sai ta zauna kusa da ita a tabarma ta kama hannunta su rubuta tare. Ranar da na je gaishe ta, saƙo ya shigo wayarta, na miƙa hannu zan karɓa kamar yadda na saba. Ta janye wayar, ta matso da ita kusa da ido, ta daɗe tana motsa baki, sannan ta sa ta cikin lalita ta ɗaure. Na ce Gwaggo nawa aka aiko? Ta ce: "Ina ruwanka?"

Duk 8 ga watan Satumba ana bikin ranar yaƙi da jahilci ta duniya, a yi jawabai a watse. Bana ina so mu ƙara abu ɗaya: kowace unguwa ta nemo malami ko malamar da ta riƙe manyanta da mutunci, a je har gida a yi mata godiya. Ku da kuka taɓa shiga irin wannan aji, ko iyayenku suka shiga, ku gaya mana abin da ya zaunar da ku ko abin da ya kore ku, ba tare da kama sunan kowa ba. Allah ya saka wa malaman kirki da alheri, ya shirya mu baki ɗaya.